Maɓalli da Hannun Babanta

Shekara goma sha huɗu muka yi muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ni da Maɓalli, a wani kamfanin ɗinka rigunan ma'aikata. Ni nake haɗa kwala, in na gama in tura mata, ita kuma ta fasa rami ta ɗora maɓalli. Daga nan muka samo sunayenmu: ita Maɓalli, ni Kwala. Har ta kai in manaja ya shigo neman ɗayarmu da sunan da ke kan takarda, sai ya tsaya yana rarraba ido, babu mai amsa masa. Tunda duk rigar da ta bar hannuna nata take faɗawa, babu abin da na sani a jikinta kamar hannuwanta. Ƙanana ne, busassu, masu sauri. Maɓalli ɗari shida take ɗorawa a yini, tana yi tana kallon taga.

Mace ce 'yar firit, mai shekara arba'in da shida, wadda ba ta iya faɗa ba ko da na baki. Ni ce mai bakin. In mai duba aiki ya dawo mata da riga ba gaira ba dalili, ita "to" kawai za ta ce, ni kuma in tashi in wanke shi tas a madadinta. Ita kaɗai ce mace a gidansu, tsakanin Yaya da Auta. Ta yi aure sau ɗaya, shekara tara, Allah bai ba su haihuwa ba, mijin ya rasu. Ba ta gama share hawaye ba mahaifiyarta ta bi shi. Sai ta tattara keken ɗinkinta da akwati biyu ta koma wurin Baba, a hawa na uku na wani tsohon bene mai matsattsiyar matakala. Yaya yana da iyali da aikin ofis a can ɗaya gefen gari. Auta kuwa, in an ji muryarsa a waya an gode Allah.

Baba ɗaukar kaya ne aikinsa tun yana saurayi. In mutane za su tashi daga gida, shi da abokan aikinsa suke sauko da firiji da sif da gado, su loda a mota, su haura da su a sabon wuri. Shekara arba'in yana wannan. Dogon mutum ne, tafin hannunsa ya kai faranti, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Na san shi tun yana da lafiya. In na je gidan sai ya ce, "Kwala, har yanzu ba a samu telan da zai ɗinke bakin nan ba?" Tsufa ya fara cinye masa tunani a hankali. Da farko makulli yake mantawa, sai sunan titinsu, har aka zo ranar da ya tambayi Maɓalli ko ita ce sabuwar 'yar haya. Komai ya tafi ya bar shi, ban da ƙarfin hannu.

Ni na fara lura. Ana tsananin zafi, fankoki suna kaɗa mana iska mai ɗumi, kowa ya naɗe hannun riga, ita kuwa ta ja nata har wuyan hannu ta sa maɓalli. Sannan aikinta ya fara karkacewa, rami a nan, maɓalli a can, abin da ban taɓa gani ba. Ranar da aka dawo mata da riga goma sha ɗaya, na bi ta wurin wanke hannu na tura ƙofa na ce ta nuna min. Ta yi gardama kaɗan, sannan ta janye hannun rigar. Duka wuyan hannuwanta biyu sun yi baƙi, sabon tabo a kan tsoho.

"Wane ɗan banzan ne?" na ce.

"Ki iya bakinki. Baba ne."

Ta ce ba duka ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Riƙo ne. In za ta tayar da shi daga kujera, ko ta fito da shi daga banɗaki tana tafiya da baya tana jansa, sai kawai ya damƙe wuyan hannuwanta biyu, ya ɗan durƙusa, ya ƙame. Ba ya magana, ba ya kallonta, sai gumi. Ta roƙa, ta lallasa, ta ce, "Baba ni ce, sake ni," kamar da bango take. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci kwata guda, har yatsunta su mutu. Sai ya gaji don kansa, ya saki, ya zauna yana haki.

Yaya ma ya gani, ranar da ya kawo magani ya tarar da su a tsaye a tsakiyar falo. Sai da ya sa ƙarfinsa duka kafin ya ɓamɓare yatsun. Ba zan yi masa sharri ba, mutumin kirki ne, irin masu kirkin da sai sun rubuta abu a takarda suke jin sun yi shi. Ya ce ya ba ta wata biyu. In ya dawo ya ga sabon tabo, zai kai Baba gidan kula da tsofaffi, ya riga ya je ya ga wurin, akwai tsabta.

"Mutumin da sai na kama hannunsa yake gane ƙofar banɗakin da ya yi shekara talatin yana shiga," in ji Maɓalli. "In aka kai shi inda bai san kowa ba, Kwala, ba zai yi wata uku ba. Ni kuma in koma gidan in yi me?"

A nan ne bakina ya jawo. Da wasa na ce, "To ki je ki koyi karate mana, ki riƙa ƙwace kanki." Na zaci za ta yi dariya. Washegari sai ga ta da 'yar takarda, ta rubuto wurare uku, ta ce ni zan raka ta tunda ni na kawo shawarar. Maƙwabciyarsu da ke zama da Baba da rana ta yarda za ta riƙa ƙara awa ɗaya da yamma.

Wuri na farko na damben zamani ne, a saman wani shagon tayoyi. Tun daga matakala warin gumi da na roba ya tare mu. Buhuna suna lilo daga rufi, ƙarti suna jibgarsu, babu wanda ya ko kalle mu. Kocin wani kakkauran mutum ne mai karyayyen hanci, amma yana da ladabi. Ya tambaye ta aikinta, ta faɗa masa. Ya karɓi hannunta ya juya shi, ya nuna mata nasa, gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura sun daskare.

"Anti, da wannan kike cin abinci?"

"Da shi."

"To ki kai shi wani wuri. Nan wata ɗaya za ki yi ki kasa zura zare a allura. Kuma mu duka muke koyarwa, ba ƙwacewa ba."

Ina gode wa mutumin nan har yau, ya faɗa mata gaskiya, bai cuce ta ba.

Na biyu na judo ne, irin kokawar nan da ake kama riga. A zauren wata makarantar firamare suke yi bayan an tashi, su ture bencina gefe su shimfiɗa katifu. Malamin tsoho ne mai ɗingishi, farar rigarsa ta sha wanki har ta fara yagewa a kafaɗa. Muna zaune muna kallo, minti ashirin babu abin da sababbin ɗalibai suke yi sai faɗuwa. Su faɗi ta baya, su tashi, su faɗi ta gefe, su tashi. Na raɗa wa Maɓalli cewa wannan ai kyauta nake yi duk ranar da aka goge tayil ɗin kamfani.

Da ya zo wurinmu, Maɓalli ta ce so take ta koyi yadda ake ƙwace hannu in an riƙe mutum. Ya ce ana koya, amma wata ukun farko na faɗuwa ne, shi ba ya tsallake wa kowa. Sannan ya ce, "Wa yake riƙe ki?"

"Wani ne. A hanya, in na taso aiki."

Ya ce ko zai iya gani. Ta ɗan janye hannun rigar. Bai taɓa ta ba, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ja ba ne, kuma ba murɗawa ba ne," ya ce. "Yatsu huɗu a ƙasa, babban yatsa a sama, hannu biyu daidai wa daida. Mai son cutar da ke ba haka yake kamawa ba. Wannan ɗagawa yake. Shekarunsa nawa?"

Maɓalli ta ja hannun rigarta ta rufe, ta ce ta gode, ta miƙe. Har muka kai bakin ƙofa yana cewa, "Baiwar Allah, in ban san wanda yake riƙe ki ba, ban san abin da zan koya miki ba." Ba ta juya ba. Muka fito waje. Ta ce ita ba za ta tsaya gaban baƙo ta ce ubanta ne yake yi mata haka ba, mutumin da duk unguwa ake gaishe shi da girma. Ni kuma maimakon in kwantar mata da hankali, sai na ƙara zuga ta. Na ce tsohon ɗan bin diddigi ne, an zo koyon kokawa ya koma likita. Na ce wata uku na faɗuwa, alhali wata biyu aka ba ta, ina amfaninsa. Duk na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa.

Na uku shi ne ya tafi da mu. Ajin kare kai ne na mata zalla, a wani sabon gini mai ƙofar gilashi, ga sanyin na'ura, ga madubi bango guda. Kocin budurwa ce doguwa, tsaf da ita, da usur a wuya. A jikin allo an rubuta cewa cikin mako shida mace za ta iya ƙwatar kanta. Maɓalli ta ƙirga da yatsu ta dube ni. Ba a tambaye ta komai ba, takarda kawai aka miƙo mata. A ciki akwai layin da ya ce wa kike tsoro, da gurabe uku: baƙo, ko miji, ko wani na gida. Na ga bironta ya tsaya a kan na ukun, ya daɗe, sannan ya koma ya yi alama a kan baƙo. Na gani, na kawar da kai.

Ba zan ɗora wa yarinyar nan laifi ba. An ce mata baƙo, ta koyar da maganin baƙo. In an kama wuyan hannunki, ki murɗa ta wajen babban yatsansa, ki taka gaba, ki sauke gwiwar ɗaya hannun a kan nasa da duk nauyinki, ki gudu. Abu huɗu ne, amma ta ce ɗaya ne. Za ta busa usur, su yi. Ta sake busawa, su sake. Sau hamsin, sau ɗari, a kan wani hannun roba da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Kullum maganarta ita ce kada a yi tunani, mai tsayawa tunani ita ake kwasa a kai asibiti.

Dabarar Maɓalli ita ce ta ɗauki na farkon kawai, murɗawar, ta bar sauran a ajin. A mako na biyu har ta tambayi kocin ko za ta iya tsayawa a nan.

"A'a, anti. In kika murɗa kika tsaya, kin ba shi haushi ne kawai. Sai kin ƙarasa."

Sai ta riƙa ƙarasawa a aji, da niyyar a gida za ta tsaya a rabi. Abin da ni da ita muka manta shi ne irin hannun da take da shi. Hannu ne da ya yi shekara goma sha huɗu yana koyon abu ɗaya har ya daina tambayar kai. Abin da sauran matan suke fama da shi, ita a kwana uku ta haddace. Kocin har gaba take fito da ita ta ce a kalli anti. Washegari ta zo aiki tana murmushi, ta ce tun da take ba a taɓa cewa a kalle ta ba.

Mako huɗu abin ya yi kamar zai yi. Sau biyu Baba ya kama ta, ta murɗa a hankali ta zame, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, hankalinsa a tashe, yana dube-dube a ƙasa. Ta ce abin ya ba ta tausayi, amma dai babu sabon tabo. Tsofaffin suka fara washewa. Ta naɗe hannun riga a wurin aiki. Ni kuwa sai yawo nake ina ba da labari cewa shawarata ce.

Ranar Asabar ta mako na biyar, da safe, ta yi masa wanka. Ta ɗora buta a wuta don shayinsa, irin mai fito in ruwa ya tafasa. Tana fitowa da shi daga banɗaki da baya, ƙasa a jiƙe, silifas ɗinta ya ɗan zame, shi kuma ya damƙe ta da ƙarfin da ya fi na kullum. Daidai nan butar ta yi fito. Ta ce ita dai ba ta san ko butar ce ba, ba ta san komai ba, ta dai ji ƙarar abu kamar an karya busasshen icce. Da ta dawo hayyacinta tana bakin ƙofar falo, ta yi har gudun. Baba yana zaune a ƙasa cikin ruwa, hannunsa na dama a lanƙwashe inda babu gaɓa. Bai yi kuka ba. Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Ya faɗi? Wa ya danne?" Ba ta gane abin da yake nufi ba.

Ni ta fara kira, kafin Yaya. Na same su a asibiti an sa masa filasta har gwiwar hannu. Da likita ya tambayi yadda aka yi, Yaya ne ya amsa, ya ce santsi ne ya kwashe shi a banɗaki. Maɓalli tana tsaye a jikin bango ta harɗe hannuwanta a ƙirji, ta matse su. Aka ce za a riƙe shi kwana biyu saboda jininsa ya hau.

Washegari da rana wani tsoho ya zo dubiya, guntu, mai faɗin kafaɗa, yana dogara sanda. Gajere ake ce masa, shi ne abokin ɗaukar kayan Baba na shekara ashirin da wani abu, Dogo yake kiran Baba. Baba bai gane shi ba, amma ya saki fuska da ya ji muryarsa. Gajere ya zauna yana ta ba mu labarin benayen da suka hau. Ana cikin haka wata nas ta zo za ta gyara wa Baba zama. Ta tsaya a gabansa ta jawo shi, sai hannun hagun ya damƙe nata, ya ƙame, gumi ya keto masa. Nas ta fara cewa, "Baba sake ni, ciwo," Maɓalli ta taso. Gajere ko motsi bai yi ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Ya zauna, Dogo."

Yatsun suka buɗe. Nan take, ba gardama. Baba ya sauke numfashi ya jingina, har da ɗan murmushi.

Muka juya muna kallon Gajere. Shi kuma mamakinmu yake yi.

"Au, ba ku sani ba? Ai ƙa'idar aiki ce. In kuna saukowa da kaya a bene, wanda ke sama ba ya saki sai na ƙasa ya ce 'ya zauna', wato kaya ya dire. Ko wuta ce ta kama rigarka. In ka saki, ka kashe na ƙasa. Kuma 'saki' ba kalmarmu ba ce, mu ba ma jin ta, don masu gida suna yawan faɗa daga gefe, su da ba su san inda nauyi yake ba. Dogo ya taɓa riƙe firiji da karyayyen yatsa tun daga hawa na huɗu, ina ƙasa, bai saki ba sai da na ce ya zauna." Ya juya wurin Maɓalli. "Yana yi miki haka a gida, 'yata?"

Ta gyaɗa kai.

"In kina tafiya da baya a gabansa, ko? Ai ke ce na ƙasa. Ba riƙe ki yake ba, tare miki kaya yake."

Maɓalli ta fita. Na same ta a ƙarshen baranda kusa da inda ake ajiye kekunan marasa lafiya, ta durƙusa ta cusa hannun rigarta a baki don kada a ji. Ban taɓa jin kunyar bakina irin ta ranar ba. Kalma biyu ce. Tana nan a bakin wani tsoho da bas ɗaya za a hau a je gidansa, mu kuwa muka zaga gari muna neman wanda zai koya mata karya hannu. Har an samu mai ido ya ce mana ɗagawa ake yi, na ce ɗan bin diddigi ne.

Da yamma ta tare Yaya a wurin ajiye motoci, ina tsaye. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Ta faɗa masa komai, ajin, da usur, da takardar da ta yi wa ƙarya. Ta ce yanzu ta san kalmar, ba za a sake samun tabo ba, ba nata ba, ba nasa ba. Ta ce ya ƙara mata ko mako biyu ne ya gani.

Yaya ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. "Na yi wa likita ƙarya jiya saboda ke," ya ce. "Ban taɓa yi ba. Ba na cewa kin yi da gangan, wallahi ko a mafarki. Amma hannun naki ya iya yanzu, kuma ke da bakinki kin ce bai tambaye ki ba." Sannan ya ce, "Mu je ciki. In ya yarda ki tashe shi, ku koma gida tare. Na yi alkawari."

Muka koma ɗakin. Baba yana zaune a bakin gado, an kawo masa shayi. Maɓalli ta goge fuska ta matsa, ta miƙa masa hannuwa biyu yadda ta saba yi kullum safe da yamma shekara shida. Ta ce, "Baba, tashi mu ɗan taka." Ya dubi hannuwan. Sai ya janye mai lafiyar a hankali ya tura shi ƙarƙashin zanen gado, ya matsa jikin bango. Ta sake gwadawa. Ya juyar da kai. Da nas ta zo ta miƙa nata, ya kama ya tashi.

Ranar Laraba aka kai shi gidan tsofaffin. Gaskiyar Yaya, akwai tsabta. Ɗaki ne mai gado biyu da taga mai kallon wata bishiya, ma'aikatan kuma ba su da laifi. Maɓalli ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a kwali ta manna a saman gadonsa, ta bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, na safe da na yamma, tana koya musu yadda ake faɗa, ba da tsawa ba, kamar mai ba da labari. Suna amfani da ita, kuma tana aiki. Babu wanda ya taɓa samun tabo a gidan. Ajin kuwa ba ta sake komawa ba. Kocin ta yi ta kira, wai saura mako ɗaya a ba ta takardar shaida.

Duk Lahadi take zuwa, bas biyu. Na raka ta sau ɗaya, bayan an cire filastar. Ya rame, rigar da ta ɗinka masa tana lilo a jikinsa. Muka same shi a kujera a baranda. Ni ya kalle ni ba tare da ya san ni ba, amma ya amsa gaisuwata da fara'a. Ita kuwa ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta yanke masa farce, ya bari, ta shafa masa mai a ƙafa, ya bari. Da ta gama sai ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora wuyan hannunta a kan gwiwarsa, ta bar shi a nan. Ashe haka take yi duk mako, ko Allah zai sa ya kama, ta samu ta faɗa masa kalmar da bakinta ko sau ɗaya.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya tura nasa biyun a hammata, ya dube ta da ladabi, irin yadda yake yi wa masu gida a da.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce. "Ki nemi wani. Ni ba na aiki da mai sakin kaya."

Ta ce, "To, Baba." Ta sauke hannun rigarta ta sa maɓalli, ta tattara almakashin farcen da kwalbar man ta zuba a jaka. Muka hau bas muka koma gida. Ranar Litinin ta riga ni zuwa aiki. Na haɗa kwala na tura mata, ta karɓa ta fasa rami ta ɗora maɓalli, ko ɗaya bai karkace ba.